Tambaya da Amsa: Na Sauya wa Waƙoƙina Kwamfuta, Sun Ƙi Kunnuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara waƙoƙi da karatuttuka, har da tsofaffin kaset-kaset na makaɗan gargajiya waɗanda na mayar da su fayil da hannuna. Duk suna cikin wani faifan ajiya na waje da ke jone da tsohuwar kwamfutata mai Windows, manhajar Navidrome kuma ita ke rarraba su ga wayoyin mutanen gida. Da kwamfutar ta fara zafi tana mutuwa da kanta, sai na sayi ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4, na ɗora mata Linux, na kwafo fayil ɗin navidrome.db daga tsohuwar, na jona faifan. Yanzu shafin yana buɗewa, kalmar sirrina ma tana aiki, amma babu waƙar da ke kunnuwa. Wani lokaci rahoton manhajar yana nuna saƙon "database disk image is malformed". Jerin waƙoƙin da na tsara da kaina sun zama fanko, wasu sunaye masu harafin ƙ da ɗ kuma sun rikiɗe zuwa alamomin da ba sa karantuwa. Tsohuwar kwamfutar tana nan, ban goge komai a cikinta ba. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Jimlarka ta ƙarshe ita ce mafi daɗin ji a cikin wasiƙar, domin muddin tsohuwar kwamfutar tana kunnuwa kuma ba ka goge komai ba, babu abin da ka rasa tukuna. Ka bar ta yadda take har sai sabuwar ta yi makonni tana aiki lafiya.

Abin da ya kamata ka fara rarrabewa shi ne cewa uwar garken waƙa, wato na'urar da manhajar da ke rarraba waƙoƙi ga wayoyi, tana riƙe da abubuwa biyu ne waɗanda ba su zaune a wuri ɗaya. Na farko su ne fayilolin sautin kansu, waɗanda ke kan faifanka na waje. Na biyu shi ne abin da manhajar ta sani game da su, wato sunayen masu shiga da kalmomin sirrinsu, da waƙoƙin da kowa ya sa wa tauraro, da adadin sauraro, da jerin da aka tsara ta cikin shafin. Wannan duka yana cikin rumbun bayanai guda ɗaya, navidrome.db, wanda aka gina a kan tsarin ajiye bayanai mai suna SQLite. Kamar kayan shago ne da littafin da mai shago ke rubuta inda ya ajiye kowane abu: ka kwashe kayan zuwa sabon shago, ka ɗauko littafin ana tsakiyar rubutu a cikinsa, kuma har yanzu yana nuna kantocin tsohon wuri. Alamomi huɗun da ka lissafa ba cuta ɗaya ba ce, don haka kowace za mu bi ta da maganinta, kuma tsarin da za a bi su yana da muhimmanci.

Mu fara da rumbun bayanan, tunda shi ne ba ya gyaruwa da hannu. Saƙon da ka gani yana nufin SQLite ta tarar da shafukan rumbun ba su jitu da juna ba, kuma mafi yawan abin da ke jawo haka a lokacin ƙaura shi ne kwafar fayil ɗin alhali manhajar tana kan aiki. Idan ka duba jakar bayanan a tsohuwar kwamfutar yayin da Navidrome ke gudana, za ka ga wasu fayiloli biyu kusa da shi, navidrome.db-wal da navidrome.db-shm. Sababbin canje-canje sukan fara sauka a cikin na farkon, sai daga baya a zuba su cikin babban fayil ɗin. Wanda ya kwafi babban fayil shi kaɗai zai iya rasa abubuwan da aka rubuta a baya-bayan nan, wanda kuma ya kwafe shi daidai lokacin da ake zubawar zai iya samun rumbu mai rabin tsoho da rabin sabo. Mafi muni shi ne a haɗa babban fayil na wata rana da fayil ɗin wal na wata rana dabam.

Ba na ba ka shawarar ka ɓata lokaci wajen ɗinke kwafin da ya lalace, tunda asalin yana hannunka. Ka kunna tsohuwar kwamfutar a wuri mai iska, ka tsayar da Navidrome gaba ɗaya, ka tabbata ba ta gudana a ɓoye, sannan ka kwafi jakar bayanan dukanta tare da fayil ɗin saiti, navidrome.toml. Jakar da ke ɗauke da ajiyar wucin gadi ta hotunan bango da sautin da aka sauya wa tsari ba dole ba ce, manhajar za ta sake gina ta. Kafin ka ɗora kwafin a kan sabuwar na'urar, ka gwada lafiyarsa da wannan umarni:

sqlite3 navidrome.db "PRAGMA integrity_check;"

Idan amsar ta fito ok, rumbun lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa shi ma asalin ya nuna matsala, wanda yana yiwuwa tunda ka ce kwamfutar takan mutu ba shiri, akwai umarnin .recover a cikin sqlite3 wanda ke tsamo abin da zai tsamu zuwa sabon rumbu. Ka yi shi a kan kwafi, kada ka taɓa asalin.

Akwai abubuwa biyu da za ka duba a wannan mataki. Na ɗaya shi ne lambar sigar manhajar. Navidrome takan sauya fasalin rumbunta idan an sabunta ta, kuma wannan sauyi gaba yake tafiya kawai: sabuwar siga tana karɓar tsohon rumbu ta ɗaukaka shi, amma tsohuwar siga ba ta san yadda za ta yi da rumbun da sabuwa ta taɓa ba. A naka yanayin akwai ƙarin dalili. Kafin siga ta 0.55 da ta fito a 2025, manhajar tana gane kowace waƙa ne ta adireshinta a kan faifai, ta yadda sauya jaka kawai yakan sa ta ɗauki waƙar a matsayin sabuwa, taurari da adadin sauraro su bi ruwa. Daga wannan siga ta koma dogaro da bayanan da ke cikin fayil ɗin, irin su sunan waƙa da na kundi da lambarta, don haka tana iya gane waƙar da ta sauya wuri. Tunda kai daga Windows ka koma Linux, inda dole adireshi ya canza, hanya mafi aminci ita ce ka ajiye kwafin rumbun gefe, ka sabunta manhajar a tsohuwar kwamfutar tana jone da faifan, ka bar ta ta kammala cikakken bincike, ka tsayar da ita, sannan ka kwafo rumbun zuwa siga iri ɗaya a kan Raspberry Pi. Na biyu kuma, idan ka taɓa saka makullin ɓoye kalmomin sirri a cikin fayil ɗin saiti, dole ya zo yadda yake harafi da harafi, in ba haka ba babu wanda zai iya shiga.

Sai batun waƙoƙin da suka ƙi kunnuwa, kuma a nan ina kyautata zaton faifan ne bai zauna inda manhajar ke nema ba. A Windows faifai yakan samu harafi kamar D ya ci gaba da zama. A Linux mai fuskar tebur, idan ka jona faifai, tsarin yakan ɗaura shi da kansa a ƙarƙashin jakar /media da sunan wanda ya shiga, kuma hakan yana faruwa ne bayan mutumin ya shiga, izinin karantawar ma nasa ne. Ita kuwa Navidrome tana tashi tun lokacin kunna na'ura, a ƙarƙashin wani asusu nata na dabam, sai ta leƙa ta tarar ko dai babu jakar, ko kuma an hana ta shiga. Kai kana buɗe faifan kana ganin waƙoƙinka, ita ba ta ganin komai, shi ya sa matsalar ke da ruɗarwa.

Gyaran shi ne ka ba faifan mazauni na dindindin. Ka ƙirƙiri jaka kamar /mnt/waka, da haruffa marasa lanƙwasa don sauƙin rubutawa a cikin saiti, ka nemo lambar shaidar faifan da umarnin blkid, ka rubuta ta a cikin fayil ɗin /etc/fstab, inda Linux ke duba faifan da za ta ɗaura lokacin tashi. Ka yi amfani da wannan lamba ta UUID maimakon suna irin /dev/sda1, saboda irin wannan suna yakan canza idan an jona wani filashi kafin kunnawa. Tunda faifan daga Windows ya fito, kusan tabbas tsarinsa NTFS ne, wanda ba ya bin tsarin izini na Linux kai tsaye, don haka a cikin layin na fstab ne za ka ayyana mai faifan da uid da gid da umask, wato lambar asusu da ta rukuninsa da iyakar izini, ta yadda asusun manhajar zai iya karantawa. Ka ƙara kalmar nofail don kada na'urar ta maƙale wajen tashi ranar da faifan ba ya nan, sannan a cikin saitin manhajar na systemd, wato tsarin da ke tayar da manhajoji a Linux, ka saka RequiresMountsFor=/mnt/waka domin ta jira faifan ya ɗauru kafin ta fara. Daga nan ka gyara layin MusicFolder a cikin navidrome.toml ya nuna sabon mazaunin. Jakar bayanan da ka kwafo ita ma ka miƙa ta ga asusun manhajar da umarnin chown, domin a can tana bukatar rubutu, ba karatu kaɗai ba. Idan kana so ka tabbatar, ka lissafa abin da ke cikin jakar waƙoƙin da sunan asusun manhajar ta hanyar sudo -u. Abin da ya bayyana shi ne abin da take gani.

Idan bayan wannan faifan yana ɓacewa yana dawowa, ko kana jin yana ƙas-ƙas, ka duba wuta. Raspberry Pi 4 tana bukatar caja mai ba da bolt 5 da amfiya 3, kuma dukan ƙofofinta na USB a haɗe amfiya 1.2 kawai suke iya bayarwa, alhali faifai mai juyawa yakan ja wuta da yawa a lokacin tashi. Cajar waya da aka tsinta a gida ba ta cika wadatarwa ba. Faifai mai nasa abin jona wuta, ko mahaɗar USB mai wutarta, ya fi kwanciyar hankali.

Jerin waƙoƙi iri biyu ne. Waɗanda ka tsara ta cikin shafin Navidrome suna cikin rumbun bayanai, kuma za su dawo tare da lafiyayyen kwafi. Waɗanda ke zaune a matsayin fayilolin m3u a cikin jakar waƙoƙi kuwa rubutu ne tsagwaronsa, kowane layi adireshin waƙa ɗaya, kuma idan ka buɗe su za ka ga suna farawa da harafin faifai na Windows, an raba sunayen jakunkuna da sanda mai karkata baya. Linux ba ta san wannan harafin ba, sandarta kuma gaba take karkata. Ka cire harafin faifan, ka juya sandunan, ka rubuta adireshin daga inda fayil ɗin jerin yake zaune, domin ƙaura ta gaba ta zo da sauƙi. Ka kuma lura da cewa Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa tana bambantawa, don haka layin da ya ce Tafsiri ba zai sami jakar da sunanta tafsiri ba.

Game da haruffa masu lanƙwasa, ka duba irin lalacewar da ta faru, domin iri biyu ce kuma ɗaya ce kawai ke warkewa ba tare da an sake rubutawa ba. Idan a wurin ƙ kana ganin Æ™, harafin yana nan da ransa, an rubuta shi ne da tsarin UTF-8 aka karanta shi da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, kuma sake karanta shi da tsarin da ya dace yana dawo da shi. Idan kuwa alamar tambaya ce ta maye gurbinsa, an riga an zubar da harafin tun lokacin ajiyewa, saboda ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikin wancan tsohon tsari ko kaɗan, sai dai a sake rubutawa. Wannan ya fi faruwa da fayilolin MP3 masu tsohon tambarin ID3v1, wato wurin da ake rubuta sunan waƙa da na mawaƙi a cikin fayil, wanda haruffa 30 kacal yake ɗauka a sunan waƙa. Manhaja irin Mp3tag tana iya sake rubuta tambarin da ID3v2.3 ko ID3v2.4, waɗanda ke karɓar haruffanmu, jerin waƙoƙi kuma ka ajiye su da UTF-8. Sai dai ka jinkirta wannan aiki har sai ƙaurar ta zauna kuma ka ga taurarinka sun dawo. Idan ka sauya adireshin waƙa da sunanta a lokaci guda, ka ɗauke wa manhajar duk abin da za ta gane ta da shi.

Abu na ƙarshe da zai iya tasowa shi ne wayoyin mutanen gida su kasa haɗuwa alhali shafin yana buɗewa a kan ita na'urar. Sabuwar kwamfuta ta samu sabon adireshin IP ne daga rauta. Ka keɓe mata adireshi guda a cikin saitin rautar, ka rubuta shi a manhajojin wayar tare da lambar ƙofa 4533. Idan wasu wayoyin suna neman a rage musu nauyin sauti, ka tabbata ka girka ffmpeg, domin da shi ake wannan aiki.

TAMBAYA: Ni manhajar Plex nake amfani da ita a kan Linux wajen rarraba waƙoƙina. An ɗauke wuta da dare, da aka dawo da ita kwamfutar ta tashi amma faifan waƙoƙin bai ɗauru ba. Washegari na gyara, waƙoƙin suka sake fitowa, sai dai jerin da na tsara duk sun zube, kuma kundayen da na gyara sunayensu sun koma yadda suke a da. Akwai dabara? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Akwai, Malama, amma ki hanzarta. Abin da ya faru shi ne Plex ta binciki jakar da faifan ya saba zama, ta tarar da ita wayam, ta ɗauka kin goge waƙoƙin, sannan wani saiti da ke kwashe kwandon shara da kansa bayan kowane bincike ya share bayanansu. Da faifan ya dawo sai ta karɓe su a matsayin baƙi. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a kashe wannan saiti kafin a motsa fayiloli, ni kuma a ganina duk wanda ke zaune inda wuta ke yawan ɗaukewa ya kashe shi ya bar shi a kashe, ya riƙa kwashe sharar da hannunsa bayan ya ga faifan yana nan.

Cikin ayyukan da Plex ke yi da kanta akwai ajiye kwafin rumbun bayananta duk bayan kwana uku, kuma 'yan kwafi kaɗan na baya-bayan nan kawai take riƙewa, sabo yana korar tsoho, wannan ne dalilin hanzarin. Ki tsayar da manhajar, ki shiga jakar Databases da ke ƙarƙashin Plug-in Support a cikin jakar bayananta. Za ki ga com.plexapp.plugins.library.db, da wasu masu irin sunansa da ke ƙarewa da kwanan wata. Ki kwashe na yanzun tare da abokansa masu ƙarewa da wal da shm zuwa wata jaka ta dabam, kada ki goge su. Ki kwafi wanda kwanan watansa ya riga daren da wutar ta ɗauke, ki cire kwanan watan daga sunansa, ki yi haka ga ɗan'uwansa mai kalmar blobs a sunansa, ki tabbata asusun plex ne mai su. Kafin ki kunna, ki leƙa ki ga faifan ya ɗauru, in ba haka ba za a maimaita abin da ya faru. Abin da za ki rasa shi ne gyare-gyaren da kika yi bayan ranar wancan kwafin. Ƙaramar na'urar riƙe wuta ta UPS, ko jona kwamfutar da faifan a layin inbata, zai rage aukuwar irin wannan.

TAMBAYA: Na sayi faifai na biyu na kwafe waƙoƙina duka a ciki. Yaya zan san kwafin ya cika, kuma shin hakan ya wadatar? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Malam, daidaituwar adadin fayiloli da girmansu alama ce mai kyau, amma ba hujja ba ce. Umarnin rsync tare da zaɓin --checksum da --dry-run yana karanta abin da ke cikin kowane fayil a ɓangarorin biyu, ya lissafa waɗanda suka saɓa, ba tare da ya taɓa komai ba. Yakan ɗauki sa'o'i a babban faifai, ka bar shi ya kwana yana yi. Fayilolin FLAC suna ɗauke da hatimin sautinsu a cikinsu, don haka umarnin flac -t yana iya faɗa maka ko ɗaya ya lalace ko da babu asalin a kusa. Ka kuma duba tsarin sabon faifan: FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, abin da kan shafi dogayen naɗe-naɗen da ba a matse ba.

Game da wadatarwa, faifai biyu da ke jone da kwamfuta ɗaya a ɗaki ɗaya, wuta mai ƙarfi guda ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka saba bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Ka riƙa cire faifai na biyun bayan kowane kwafi, kuma ka yi hattara da zaɓin --delete na rsync, domin yana kwafo kuskuren gogewa zuwa ma'ajiyar kamar yadda yake kwafo sabuwar waƙa. Ɗora komai a intanet yana cin data mai yawa, tunda awa ɗaya ta MP3 mai ingancin kilobit 320 a daƙiƙa ta kai megabait 144, don haka ka zaɓa: rumbun bayanai da fayil ɗin saiti ƙanana ne, su ka fara ɗorawa, sai naɗe-naɗen da babu su a kasuwa, sauran kuma a ajiye su a faifan da ke gidan wani ɗan'uwa.

Idan Navidrome kake amfani da ita, tana da nata tsarin ajiyar ko-ta-kwana da ake saita wa jaka da lokaci da adadin kwafin da za a riƙe, amma rumbun bayanai kaɗai yake ajiyewa, ban da waƙoƙin, kuma jakar da ka ba shi kada ta kasance a kan katin memorin da manhajar ke zaune. Bayan ka saita, ka ɗauki kwafi ɗaya ka mayar da shi a wata kwamfutar da umarnin navidrome backup restore alhali manhajar tana tsaye, ka kunna ta, ka shiga da kalmar sirrinka, ka buɗe jeri guda ka saurari waƙa daga faifai na biyun har ƙarshenta.